SALAMANDA: DABBAR TUDU WADDA BA TA DA HUHU

Duk wanda ya zauna kusa da fadama ya san gaiwa. Ita kifi ce, amma Allah ya yi ta da huhu. Idan rani ya yi, ruwa ya janye, sai ta shige cikin taɓo ta kwanta, tana shaƙar iska kamar dabbar tudu, har damina ta kewayo. To, a cikin wannan darasi za mu karanta labarin wata halitta wadda al'amarinta ya saɓa da na gaiwa sarai. Ita a tudu ta ke zaune, har ma a bisa itace, amma ba ta da huhu ko kaɗan. Turawa na ce da ita salamanda, Larabawa kuwa samandal.

Watakila mai karatu ya ce, "Ƙaƙa mai rai zai zauna a tudu ba huhu?" Amsar wannan tambaya ita ce kan labarin duka. Wanda ya gane yadda ta ke numfashi, zai gane dalilin mazauninta, da farautarta, da haihuwarta, da kuma abin da ke neman ƙarar da ita a zamanin nan.

1. KAMANNINTA

In ka gan ta kwatsam, sai ka ce ɗan ƙadangare ne ko tsaka, gama tana da ƙafa huɗu da doguwar wutsiya. Amma kama da wane ba wane ba ne. Jikin ƙadangare busasshe ne, mai kaushi, yana da farce, yana son rana. Jikin salamanda kuwa sumul ya ke, kullum a jiƙe, ba ta da farce, rana kuwa ajalinta ce. Ita 'yar'uwar kwaɗo ce ta kusa. Ka ce kwaɗo ne aka miƙar, aka bar masa wutsiya.

Masana sun ƙidaya irin salamanda fiye da 700 a duniya. Waɗansu na da huhu, amma wajen kashi biyu cikin uku ba su da shi. A cikin marasa huhun nan akwai wata babbar zuriya mai suna Bolitoglossa, wadda ta tara iri fiye da 130. Ita ce za mu yi magana a kanta, don yawancin masu hawan itace daga cikinta su ke. Waɗansu masana na Faransa suka raɗa mata sunan nan a shekarar 1854. Kalma ce ta Yunananci, ma'anarta "mai harshe kamar naman kaza", domin kan harshenta yana da faɗi, gindinsa kuwa siriri.

Yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba, ko kuwa su ɗara kaɗan. Launinsu iri iri ne. Akwai baƙa, akwai mai ruwan ƙasa kamar busasshen ganye, akwai mai ɗigon rawaya ko ja.

Mutanen Turai na dā sun ɗauka wuta ba ta ƙona salamanda. Ga abin da ya ruɗe su. Irin ta ƙasarsu ta kan ɓuya cikin ruɓaɓɓen gungume. In aka sa gungumen a murhu, ta ji zafi, sai ta fito da gudu, masu kallo su ce daga cikin wuta aka haife ta. Alhali kuwa wuta na halaka ta nan da nan, kamar yadda ta ke halaka kowane ƙaramin mai rai.

2. ƘASARSU

Kada mai karatu ya wahalad da kansa da neman salamanda a dajin garinsu. Babu ita a Afirka kudu da Hamada ko kaɗan. A wannan nahiya tamu sai can arewa, a Maroko da Aljeriya da Tunis, a ke samun 'yan iri kaɗan, su kuwa masu huhu ne.

Masu hawan itacen nan a ƙetaren teku su ke. In mutum ya tashi daga Dakar ya miƙe yamma sak, ya haye Tekun Atlantika, zai iske wata siririyar ƙasa wadda ta haɗa Amurka ta Arewa da Amurka ta Kudu. Ita a ke kira Amurka ta Tsakiya. A nan ne ƙasashen Guwatemala da Honduras da Kosta Rika da Panama su ke. Zuriyar Bolitoglossa ta bazu tun daga Meksiko, ta ratsa ƙasashen nan, har Kolombiya da Birazil da Boliviya.

Ƙasashe ne masu manyan duwatsu da kurmi. A bisa duwatsun nan akwai irin kurmin da a ke kira kurmin gajimare, domin tsawon wurin ya sa gajimare na sauka har cikin itatuwa. Ko ran da ba a yi ruwa ba, ganye na ɗiga, gansakuka ta rufe rassa, iska da sanyi da laima. Irin wurin nan salamanda ta fi so.

3. YADDA TA KE NUMFASHI

A cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani sashe mai suna oksijin, wanda mutum da dabba ba su daɗewa in ba shi. Mu, huhunmu ne ke karɓarsa ya miƙa wa jini. Cikin huhu kuwa kullum a jiƙe ya ke, domin oksijin ba ya ratsa busasshiyar fata. Sai ya narke cikin danshi tukuna, kamar yadda gishiri ke narkewa a ruwa, sa'an nan ya wuce cikin jini.

To, ita salamanda fatarta ce ke yi mata aikin huhu. Fatar ba ta da kauri, ƙarƙashinta kuwa cike ya ke da ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta. Jikinta na fid da wani yauƙi wanda ke riƙe danshi. Iska ta taɓa danshin, oksijin ya narke, ya shiga jini, gurɓatacciyar iskar jiki kuma ta fita ta nan. Har wa yau ta kan yi ta motsa maƙogwaronta, iska na shiga baki tana fita, fatar cikin baki na taimakon ta waje.

Abu biyu ne suka sa wannan ya ishe ta. Na fari, ita ƙarama ce siririya, saboda haka ba wani sashen jikinta da ya yi nisa da fata. Da ta kai girman akuya, da fata kaɗai ba ta ishe ta ba. Na biyu, jikinta ba ya ƙona abinci don ya yi ɗumi kamar namu, kuma ba ta da yawan kai da kawowa. Saboda haka kaɗan ta ke bukata.

Amma fa ga inda wuyar ta ke. Fatar da iska ke ratsawa, ruwa ma na ratsa ta ya fita. In ka shanya jiƙaƙƙen ƙyalle a rana, ka san abin da ke samunsa. Haka nan salamanda, in aka ajiye ta a sarari inda rana da busasshiyar iska ke bugun ta, ba da jimawa ba sai fatar ta bushe, numfashi ya tsaya. Don haka duk sha'aninta neman laima ne.

4. GIDANTA A BISA ITACE

Mutum zai zaci mai neman laima a ƙasa za ta zauna. Lalle waɗansu a ƙasa su ke, ƙarƙashin gungume da ruɓaɓɓen ganye. Amma a kurmin nan akwai ruwa har a bisa rassa.

Akwai wani tsiro, ɗan'uwan abarba, wanda masana ke kira buromiliya. Ita ma abarba asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Tsiron nan ya kan fito a kan reshen babban itace, kamar yadda mu ke ganin kauci. Sai dai kauci yana shan ruwan itacen da ya hau, shi kuwa wannan wurin zama kaɗai ya ara. Ganyensa a jere su ke kamar na kan abarba, gindinsu ya haɗu ya zama kamar ƙwarya, ruwan sama na taruwa a ciki. Manya daga cikinsu su kan riƙe galan biyu ko fiye. Busasshen ganye ya faɗa ciki ya ruɓe, ƙwari su taru. Ga ruwa, ga inuwa, ga abinci. A tsakanin ganyen nan salamanda ke wuni. Waɗansu kuma su kan shige ƙarƙashin ɓawon itace, ko cikin gansakuka, ko tsakanin ɓawon ayaba da jikinta.

Allah ya ba ta kayan hawa. Yatsunta huɗu a ƙafar gaba, biyar a ta baya, a iri da yawa kuwa fata ta haɗe su kamar na agwagwa, har tafin ya zama fai-fai. Da faɗin tafin nan da yauƙin jikinta ta ke mannewa a jiƙaƙƙen ganye, har ta iya bin bayansa, cikinta na duban sama, ba ta faɗo ba.  Wutsiyar kuma ta kan naɗe reshe da ita.

Ba ta fitowa sai dare ya yi, raɓa ta sauka. Tafiyarta kuwa sannu sannu, kamar ta hawainiya. Daga kowace ƙofar hancinta akwai wata 'yar tsaga da ta gangaro har leɓe. In ta dunguri ganye da hancinta, danshi ya bi tsagar nan ya hau, ya kai mata ƙanshin abin da ya wuce ta wurin, ko abinci ne, ko 'yar'uwarta ce.

5. FARAUTARTA

Abincinta tururuwa ne, da ƙananan ƙwari, da gizo-gizo, da makamantansu. Yaya mai nawa irin wannan ke kama abin da ke tsalle ko tashi? Da harshe.

Harshenta ba a manne ya ke a gaban baki ba. Yana kan waɗansu siraran guringuntsi masu tsawo, waɗanda suka koma baya har wajen kafaɗa, tsoka ta naɗe su. In ta hangi ƙwaro, sai ta tsaya cik. Tsokar nan ta matsa, ta tara ƙarfi, sa'an nan ta saki gaba ɗaya. Harshe da guringuntsin duka su yi tsalle waje, kan harshen mai danƙo ya manne wa ƙwaron, wata doguwar tsoka ta jawo shi baki.

Misalinsa maharbi da bakansa. Ba wanda zai iya jefa kibiya da hannu ta yi nisan wadda aka harba. Maharbi ya kan ja tsarkiya a hankali, ƙarfinsa ya taru a jikin baka, in ya saki, ƙarfin ya fita a lokaci guda. A shekarar 2007 wani masani na Amurka, Stephen Deban, da abokan aikinsa, suka bayyana abin da suka auna a kan wata babbar iri mai suna Bolitoglossa dofleini. Suka tarar ƙarfin fitar harshen ya wuce abin da tsoka kaɗai za ta iya bayarwa, sai dai da irin dabarar bakan nan. Fitar harshen ta fi ƙiftawar ido sauri har ninki goma.

Masana sun ce wannan ma yana da nasaba da rashin huhu. Kwaɗo da guringuntsin maƙogwaronsa ya ke tura iska cikin huhu. Ita kuwa tun da ba ta da huhun da za ta cika, guringuntsin nata ya huta da wancan aiki, ya koma na harbi kaɗai. Abin da aka rage mata a can, an ƙara mata a nan.

6. YADDA TA KE TSARE KANTA

Magabtanta macizai ne da tsuntsaye. Ba ta da gudu, ba ta da farce, haƙoranta kuwa ƙanana ne ƙwarai. Amma in aka taɓa ta, fatarta ta kan fid da wani farin ruwa mai danƙo da ɗaci, wanda a waɗansu iri ya kan liƙe wa ƙaramin maciji baki. In abin ya tsananta, sai ta yar da wutsiya kamar yadda tsaka ke yi. Wutsiyar na birgima, magabci na kallonta, mai ita ta sulale. Daga baya wata ta tsiro. Ko ƙafa ce ta guntule, ta kan toho. Amma yar da wutsiya hasara ce babba, don a ciki ta ke ajiyar kitse saboda ranar yunwa.

7. HAIHUWARTA

Mun san kwaɗo a ruwa ya ke zuba ƙwai, dubbai a lokaci guda, ya tafi abinsa. Ƙwan su ƙyanƙyashe talibambam, su yi ta iyo, sa'an nan su yi ƙafafu su fito tudu.

Bolitoglossa ba ta bin wannan hanya. A tudu ta ke yin ƙwai, a wuri mai laima, ƙarƙashin gungume ko cikin gansakuka ko tsakanin ganye. Ƙwan kaɗan ne, amma manya. Ba su da ɓawo mai tauri irin na kaza, saboda haka su ma bushewa na kashe su. A iri da yawa uwar ta kan naɗe su da jikinta, ta zauna tsaronsu. A wata iri ta duwatsun Kosta Rika, ƙwan su kan yi wata 4 ko 5 kafin su fashe. Ɗan ya kan gama kamala tun a cikin ƙwai, ya fito da ƙafafunsa da wutsiyarsa, tamkar uwarsa sai dai ƙanƙanta. Wannan ya sa ba ta bukatar tafki ko rafi. Amma tun da haihuwarta kaɗan ce, girmanta kuma a hankali, in annoba ta rage su, ba su saurin komawa yadda su ke.

8. WADDA TA ƁACE SHEKARA 42

A arewa maso yammacin Guwatemala akwai jerin duwatsu masu suna Kucumatanes. A shekarar 1975 waɗansu samari biyu masu neman ilmi daga Amurka, Paul Elias da Jeremy Jackson, suka shiga kurmin wurin. Suka sami wata salamanda wadda masana ba su taɓa sani ba. Rawaya ce kamar zinariya, da baƙin zane a gadon baya. Guda biyu kaɗai aka samu. Aka sa mata suna Bolitoglossa jacksoni, watau ta Jackson.

Daga nan ba a sake ganinta ba. Shekara goma ta wuce, ashirin, talatin, arba'in. Wani masanin ƙasar, Carlos Vásquez Almazán, na Jami'ar San Carlos, ya yi ta zuwa nemanta, bai dace ba. A shekarar 2015 waɗansu ƙungiyoyi suka haɗa kuɗi suka sayi wani yanki na kurmin, don kada a sare shi, aka sa masu gadi. Masanin nan ya nuna wa masu gadin hotonta, ya kwatanta musu irin wurin da za su duba.

A watan Oktoba na shekarar 2017, wani daga cikin masu gadin, mutumin yankin, ya gan ta a gefen kurmin da aka keɓe. Ya ɗauki hotonta ya aika, masana suka tabbatar ita ce. Ita ce ta uku da aka taɓa samu. 'Yar ƙarama ce kuwa, ba ta gama girma ba, alamar akwai iyayenta a wurin ke nan. Da an sare kurmin, da watakila ba wanda zai ƙara ganinta har abada. A lura kuma, wanda ya gan ta ba shahararren malami ba ne. Mutum ne wanda aka koya masa abin da zai duba, ya kuwa sa ido.

9. ABIN DA KE ƘARAR DA SU

Babban abu shi ne saran kurmi, don gonar gahawa da masara, da makiyayar shanu, da katako, da itacen wuta. In babban itace ya faɗi, buromiliyar da ke kansa ta faɗi, rana ta shigo, ƙasa ta bushe. Tsuntsu ya iya tashi ya nemi wani kurmi. Salamanda kuwa ba ta iya ƙetare fili mai rana. Iri da yawa kuma a dutse guda kaɗai su ke, duk duniya. In kurmin dutsen nan ya tafi, sun tafi.

Na biyu cuta ce, wata irin fumfuna mai kama fatar kwaɗi da danginsu. Masana suka ba ta suna a shekarar 1999, bayan ta riga ta yi ɓarna mai yawa a Amurka ta Tsakiya. A shekarar 2013 aka gano wata 'yar'uwarta a ƙasar Holanda, wadda ta kusa ƙarar da salamandar wurin. Don tsoronta ne Amurka ta hana shigo da iri 201 na salamanda cikin ƙasarta a shekarar 2016. Ciwon fata ga wanda ke numfashi da fata, daidai ya ke da ciwon huhu gare mu.

Na uku ƙaruwar zafin duniya, wanda ke iya ɗaga gajimare sama, ya bar kurmin da ke ƙasa a bushe.

Wani babban malami na Jami'ar Kalifoniya, David Wake, da almajiransa sun yi binciken salamanda a yankin San Marcos na Guwatemala cikin shekarun 1970. Bayan shekara talatin da 'yan kai aka koma wuraren nan, aka bayyana sakamakon a shekarar 2009. Waɗansu iri na ƙasa, waɗanda dā a ke samunsu birjik, ko ɗaya ba a gani ba. Masu zama a bisa itace sun fi tsira. Amma tsirarsu ta rataya ne ga tsayuwar itatuwan. A wata ƙidaya ta duniya da aka bayyana a shekarar 2023, an ce a cikin kowane iri 5 na salamanda, 3 na cikin haɗarin ƙarewa.

10. ABIN LURA

Wani zai ce, "Mene ne amfanin wannan 'yar aba?" Tana cin ƙwari, ita kuma abincin tsuntsaye ce da macizai. Banda wannan, ita kamar ɗan tsaron ƙofa ce. Tun da fatarta na shan duk abin da ke cikin iska da ruwa, ita ke fara jin canji. In ta ɓace daga wani dutse, alama ce laimar wurin ta ragu ko cuta ta shigo. Kurmin nan kuwa shi ke tatsar ruwan gajimare ya zuba cikin ƙoramu, waɗanda mutanen gindin dutse ke sha, su ke ban ruwan gonakinsu. Inuwar da ke rayad da salamanda, ita ke rayad da ƙoramar. Kowane manomi ya sani ƙasar gindin itace ta fi ta sarari daɗewa da danshi.

Allah ya ba kowane mai rai abin da zai rayu da shi, ya kuma ɗaure rayuwar wani da ta wani. Ya sa mu zama masu lura.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abu uku da suka bambanta salamanda da ƙadangare.
2. Da me ta ke numfashi? Don me ba ta fitowa da rana?
3. Ina bambancin buromiliya da kauci?
4. Ta wace hanya harshenta ya yi kama da baka da kibiya?
5. Yaya haihuwarta ta saɓa da ta kwaɗo?
6. Shekara nawa ne tsakanin 1975 da 2017? Me ya faru a kowace?
7. Don me saran kurmi ya fi cutar salamanda bisa ga tsuntsu?